Kifi Mara Ƙaya

Tiren ya dawo daga ɗakin Baba kusan yadda ya tafi, in ban da gefe ɗaya na kifin da aka ɗan taɓa da cokali. Kabejin yana nan, karas ɗin yana nan, 'yar shinkafar da ba ta wuce cikin tafin hannu ba kuwa ta huce ta sandare. Malama ta tsaya a kicin riƙe da shi, tana kallon farantin kamar takardar jarrabawar yaron da ta san ya iya amma ya ƙi rubutawa. Ranta ya ɓaci, ga kuma tsoro, domin ƙarshen makon nan ƙaninta zai zo ya tafi da Baba, kuma Baban ne da bakinsa ya nemi a zo a ɗauke shi.

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Uban da ta ɗauko ta kawo gidanta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ba shi ɗakin da ya fi kowanne iska, shi ne ya kira ƙaninta a waya ba da saninta ba, ya ce yana so ya koma can da zama, garin da sai an yini a mota kafin a kai. Bai ce an yi masa laifi ba. Da ta tsare shi da tambaya, cewa ya yi ai shi ma wancan ɗa ne, yana da hakki. Malama ba yarinya ba ce. Shekara da shekaru tana koyar da lissafi a sakandare, ta san amsar da aka kwafo in ta gan ta. Sai ta yanke wa kanta cewa abincin ne yake korar shi, ta kuma ci alwashin sai ta gyara shi kafin ranar tafiya, ko Allah zai sa ya fasa.

Baba mai gyaran agogo ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama. Rabin rayuwarsa a wani ɗan shago ya yi ta, a ƙarƙashin matakalar bene, da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da sai ka riƙe numfashi kafin ka gan su. Da ido ya fara cin amanarsa sai ya rufe shagon, amma yatsun ba su yi ritaya ba. Aikin da suka samu a gidan Malama shi ne kifi. Mutanen gidan nan sun fi son kifi a kan nama, kuma duk ranar da aka soya, a gaban Baba ake ajiye babban farantin. Sai ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya bi yanki-yanki yana zare ƙaya, yana jera su a bakin farantinsa daga babba zuwa ƙarama, kana ya miƙa wa kowa rabonsa, jikarsa Auta ce farko, sai yayarta. Yana yi yana ba da labarin masu kawo masa gyara, musamman mutumin nan da ya zo a fusace wai tun da ya sayi agogonsa yake makara wurin aiki, Baba ya buɗe ya tarar agogo lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ke buƙatar gyara. Maigidan, mijin Malama, mutum mai tumbi da saurin jin yunwa, ba ya iya yi wa surukinsa wasa kai tsaye, sai ya sunkuya ya ce wa Auta ta tambayi Kaka ko an kusa gama tiyatar. Baba kuma ya ce ta gaya wa Abbanta ya kwantar da hankalinsa, tumbin nan akwai ajiyar mako guda a ciki.

Haka ake ci har ranar da jiri ya kwashi Baba a bakin famfo. Likita ya ce suga ne, ga hawan jini a kai. Ya ce a yanke soye-soye, a rage gishiri, a rage shinkafa da taliya, a cika faranti da ganye. Da wata 'yar ce ta ji, sai ta ce to kawai. Malama kuwa ta ɗauki abin kamar jarrabawar fita, wadda ba a maimaitawa. Ta riga ta rasa uwa, ba ta shirya rasa uba a kan cokalin mai ba. Daga ranar tukunya ta zama biyu a gidan. Ta dawo daga makaranta da alli a gefen mayafi, ta ɗora ta gida da mai da komai, ta ɗora ta Baba a gefe da ruwa da ganye. Kifin yaran ma ta karɓe, ita take cire musu ƙaya a kicin a gurguje, don kada hannun Baba ya taɓa mai ya lasa.

Ana cikin haka wata rana da yamma, ta fito daga kicin da jug ɗin ruwa, sai ta ga hannun Baba a cikin farantin Auta, yatsunsa a kan soyayyen kifi.

“Baba!”

Da muryar aji ta faɗa, wadda ke sa yara na layin baya su miƙe zaune. Baba ya janye hannunsa a hankali, ya goge a tsumma. Maigidan ya dukufa a kan farantinsa kamar an aike shi neman wani abu a ciki. Abincin ranar dai bai yi daɗi ba, don ba a jima ba Auta ta shiga kakari tana hawaye, sai da aka ɗura mata ruwa da lomar shinkafa kafin abin ya wuce.

Malama ta kwana da kunya. Ta yi wa ubanta tsawa a gaban jikoki da suruki, kuma a ganinta ita ta jawo, da ta zaunar da mai ciwo yana kallon abin da aka hana shi. Wane irin rashin tausayi ne wannan? Washegari ta shirya tire mai kyau, ta kai masa ɗaki, ta ce ya huta abinsa, ba sai ya fito ba. Ya dube ta, ya dubi tiren, ya ce Allah ya yi albarka. Ta ja masa ƙofa don kada ƙamshin suya ya shiga ya dame shi. A tebur kuma ta gargaɗi yaran su rage surutu da dariya, kada Kaka ya ji ana shagali ransa ya biya. Daga baya ma ta gano wani kanti da ke sayar da tsokar kifi zalla, an zare ƙaya tas, ta riƙa sayo masa don kada ya wahala da idon nan nasa. Wallahi duk cikin ƙauna ta yi.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne ma abin haushin. Sugan ya sauka, jinin ya daidaita, likita ya yaba mata a gaban ma'aikatan jinya, ya ce da kowane mara lafiya yana da 'ya irinta da sun huta. Ta dawo gida ranar kamar an ba ta lambar yabo. Sai dai Baba yana ta zubewa. Agogon hannunsa ya fara zamewa har bayan tafin hannu, shi da kansa ya huda sabon rami a maɗaurin, bayan 'yan watanni ya ƙara wani. Labarai suka ƙare. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tambayi jiki ya ce da sauƙi, shi ke nan. Fiye da shekara ana haka.

A makon tafiyar nan babu abin da Malama ba ta gwada ba. Ta kalli masu girki a waya har idonta ya yi yaji. Ta jiƙa kifin da lemon tsami da tafarnuwa, ta daka citta, ta gasa kabewa, ta yi romon kaza mara kitse da ɗanyen tumatir. Ita kanta in ta ɗanɗana sai ta ji abin ya yi, amma tire ya je ya dawo. Da ta ga alamar tafiyar ba fashi, sai ta zauna ta yi ta tura wa matar ƙaninta saƙon murya, ɗaya bayan ɗaya, dalla-dalla: yadda ake dafa nasa daban, yadda ake kai masa ɗaki, a ja ƙofa in ana suya, kifi kuma lallai mara ƙaya. Matar ƙanin, yarinya mai ladabi da ke shakkar Malama tun ranar da aka kawo ta, ta amsa da cewa in sha Allahu ba za a kuskure ko ɗaya ba, Yaya.

Ana jibi tafiya, bayan magariba, Malama ta kai tire kamar kullum, ta tarar da Baba zaune a bakin gado kamar kullum, ta ajiye ta ja ƙofa. Har ta zauna a tebur ta kai loma biyu sai ta tuna ta bar ƙwayar maganinsa a aljihunta. Ta tashi, kuma saboda sauri ba ta ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ta buɗe kaɗan ta daki wani abu ta tsaya.

Kujera ce. Baba ya jawo ta har bayan ƙofa, ya zauna da farantin a kan gwiwa, kansa jingine da katakon, daidai inda 'yar tsagar take. Daga nan ana jin ƙarar cokula a falo, ana jin Auta tana yi wa yayarta gardama ƙasa-ƙasa a kan wa ya fi samun babban yanki. A kan tayil, tsakanin gado da ƙofa, ƙafafun kujerar sun yi layi biyu da suka daɗe da zama, ita kuwa kullum tana goge ɗakin ba ta taɓa tambayar kanta mafarinsu ba.

“Baba, me kake yi a nan?”

“Abinci nake ci,” in ji shi. Ya gyara farantin a gwiwarsa. “Nan ne ake jin Auta.”

Ta shiga ta rufe ƙofar, ta durƙusa a gabansa, maganin yana hannunta. Ta tambaye shi me ya hana shi fitowa, alhali gidansa ne, teburin ma tare suka je suka zaɓo shi. Ya ce ai ba a ce ya fito ba. Ta ce ita don ya huta ta yi, don kada ya ga abin da zai sa ransa ya biya. Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

“Ni na ɗauka horo ne, Malama. Na ce to, na yi laifi a aji, an fitar da ni. In wa'adi ya cika za a kira ni. Sai na ga shiru.”

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta fara rantse-rantse, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya ce abincinta ba shi da aibu, ko a bakin mai lafiya abinci ne mai daɗi, shi dai bai iya ci shi da bango ba. Sannan ya taɓa tsokar kifin da cokali, fara sol, ba ƙaya ko ɗaya, ya ce wannan kuma an gama masa aikin tun a kanti.

“Ranar nan da kika yi tsawa,” ya ce, “ba ci zan yi ba. Yankin gadon baya kika ba ta. Akwai ƙananan ƙaya a jere a wurin, ido ba ya ganinsu, sai yatsa. Kin tsallake su.”

Sai kakarin Auta ya dawo mata, da ruwan da aka ɗura mata, da yadda ita Malama ta yi ta faɗa wai yarinya ba ta tauna abinci. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ta ce don Allah me ya sa bai faɗa ba tun a lokacin? Ya ce a gaban suruki da jikoki? Tsoho ya tsaya yana rantsuwa bai ɗauki kifi ba, kamar yaron da aka kama a kicin? Gara a ce ya ɗauka.

Ta roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a daren, ai tsoron rasa shi ne ya yi tsawar, ya sani. Ta roƙe shi ya fasa tafiyar. Nan ne ya girgiza kai. Ƙaninta ya kwashe kayan ɗaki guda, ya yi fenti, ya gaya wa 'ya'yansa Kaka na zuwa, ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ba zai mai da shi abin wasa ba. Duk zamansa a shago bai taɓa ce wa mutum ya dawo Asabar ya zo ya tarar ba a gama ba, ba kuwa zai fara da ɗansa ba. Malama ta san wannan muryar. Ita ma a wurinsa ta gaje ta.

Washegari ta biya kasuwa daga makaranta, ta sayi manyan kifi guda-guda, da kai da jela da ƙayarsu. Ta shimfiɗa albasa da kabeji da karas da koren wake a gindin babbar tukunya, ta shafe kifin da tafarnuwa da citta da lemon tsami da ɗan gishiri kaɗan, ta ɗora a kai, ta zuba cokalin mai guda, ta rufe ta bar tururi ya yi aikinsa. Ta dafa shinkafa a gefe. Kafin a kira magariba ta gama, har ta samu lokacin zama, abin da ta manta rabonta da shi. Ta tsaya tana kallon murhun, tukunyar miya guda ɗaya tak, ta ji kamar ta kifa kanta a bango.

Ita ta je ta buɗe ƙofar ɗakin har ƙarshe, ta ce Baba abinci ya sauka. Ya fito da rigar da ta yi masa yawa, ya zauna a mazauninsa na da, inda jakar makarantar yayar Auta ta saba kwana. Malama ta ajiye babban farantin a gabansa. Maigidan ya leƙa, ya ga ba ja ba maiƙo, ya sunkuya ya tambayi Auta ko yau duk gidan aka kwantar a asibiti.

Baba ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga. Bai ko kalli kifin sosai ba, idonsa a lumshe, yatsun ne ke bi suna tsayawa suna zarowa. Ƙaya suka fara jeruwa a bakin faranti, babba, mai bi mata, har zuwa waɗanda suka fi gashi siranta. Auta ta saki baki tana kallo, don ta manta ana yin haka. Ya miƙa mata nata farko. Babbar ta ce Kaka ya ba su labarin mai makara, ya ce ai sun ji shi har sun gaji, suka ce ba su gaji ba, ya bayar, aka yi dariya da ƙarfi, ba wanda ya ce a rage murya. Ya cinye rabonsa tas, har ya sa cokali ya kwashe romon da ya taru a gefe.

Maigidan ya ƙara, ya sake ƙarawa. Da ya ture farantin sai ya share gumi ya ce wa Auta ta tambayi Mamanta, ashe irin wannan take kai wa Kaka ɗaki kullum, su kuma ta bar su da mai? To ai su aka cuta a gidan nan. Kowa ya fashe da dariya, har Baba yana tari. Malama ta tashi ta ce bari ta ɗebo ruwa, ga jug a cike a gabanta.

Da safe ƙanin ya iso, a hanya ya kwana. Ana ta ɗaure kaya a bayan mota, akwatin kayan gyaran agogo ya ƙi shiga, yaran suna kuka, maƙwabta suna sallama. A cikin wannan hayaniyar Malama ta ja ƙaninta gefe ta ce su riƙa ci tare da Baba, tukunya ɗaya, a tebur ɗaya, ya gaya wa matarsa ta manta da saƙonnin nan. Ya ce to Yaya, to Yaya, idonsa a kan igiyar da ake ɗaurewa. Baba ya sa mata albarka ta tagar mota, agogon yana lilo a hannunsa.

Tukunya ɗaya ta zauna a gidan. Ba wanda ya nemi a koma suya, sai dai jefi-jefi ranar hutu. Malama tana kiran Baba da safe kafin ta fita, kullum ya ce lafiya lau, ana kula da shi sosai, yarinyar nan ba ta da wasa. Wata ya kusa cika, har maigidan ya matsa bel ɗinsa rami guda, sai wata rana da aka yi kifi Auta ta ce a kira Kaka yanzu, tana so ta gaya masa ita ta cire ƙayarta da kanta. Malama ta kira wayarsa ba a ɗauka ba, sai ta kira matar ƙaninta. A bayan muryar yarinyar ana jin cokula da surutun yara.

“Yaya, ina wuni? Ai yana ɗakinsa, yanzu na kai masa tire. Kada ki damu, duk yadda kika ce haka nake yi, saƙonninki suna nan ban goge ba. Na ja masa ƙofa saboda muna suya. Kifin ma na samu mara ƙaya, sai da na zagaya gari kafin na dace.”

Malama ta dubi babban farantin da ke tsakiyar teburinta, da kujerar da jakar makaranta ta koma kai.

“Je ki buɗe ƙofar,” ta ce. “A hankali za ki tura, akwai kujera a bayanta.”

“Kujera kuma? Amma Yaya, ai ke kika ce...”

“Ni na ce,” in ji Malama. “Je ki dai.”

Ta riƙe wayar a kunne tana jin takun yarinyar a kan tayil, da ɗan ƙwanƙwasawa, da ƙarar ƙofa, sannan ƙarar katako ya daki katako.